Yadda ake shirya tafiyar ƙafa a bakin tafkuna da kurmin arewacin Kamaru

Wanda ya yi niyyar yawon ƙafa a bakin ruwan Lagdo ko Maga, ko a kurmin da ke kewaye da Ngaundere, ya fara sanin cewa ba zai tarar da hanyar da aka share aka kafa mata alluna domin masu yawon buɗe ido ba. Kowace 'yar hanya da zai taka tana da mai ita: wata burtali ce ta makiyaya, wata ta masunta ce zuwa inda suke ɗaure kwalekwale, wata ta mata masu itace, wata kuma dorina ce ta fitar da ita da ƙafafunta. Rabin aikin shi ne mutum ya gane ta wa ce kafin ya bi.

A fara da zaɓen wuri daidai ƙarfin ƙafa. Sabon shiga ya fi dacewa da tudun Adamawa, domin Ngaundere tana bisa tsayin kimanin mita 1,100 kuma iskarta da sanyi. Tafkin Tison, wanda ke cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta a kudancin garin, safiya guda ta isa a kewaya shi a zauna a ƙarƙashin itatuwansa, sannan wanda ƙafarsa ta saba ya ƙara da tafkin Mbalang ko gangaren ruwan Vina da ke wajen hanyar Meiganga. Lagdo kuwa wata aba ce daban. An gina madatsar ruwanta a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kuma ruwan da ta tare ya kai faɗin murabba'in kilomita 586, saboda haka ba a maganar kewaya shi. Ana zaɓen ɓangare guda ne tsakanin ƙauyukan masunta biyu, a je a dawo. Tafkin Maga, wanda aka yi a 1979 domin noman shinkafa na kamfanin gwamnati mai suna SEMRY, yana da doguwar ganuwar ƙasa ta kilomita 27 wadda tafiya a kanta ba hawa ba gangara, sai dai inuwa ta yi ƙaranci ƙwarai. A gandun daji irin na Binuwai, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968, doka ba ta yarda a shiga ba sai da izini da rakiyar ma'aikacin gandun, kuma wannan ba abin ciniki ba ne.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ƙasa ta tsane kuma kafin bazara ta kama. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yakan wuce digiri 40, da damina kuwa ciyawa ta fi mutum tsayi, kuma rafin da aka tsallaka da safe ƙafa a bushe yana iya cika kafin la'asar saboda ruwan da aka yi a can kan duwatsu. A fita bayan sallar asuba idan gari ya waye sosai, a lissafa kilomita 4 a awa guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙasa da haka a kan duwatsu, a tsara yadda za a dawo kafin azahar. Tafiyar kilomita 10 zuwa 12 ta ishi wanda bai saba ba.

Kafin a taka bakin ruwa, a je a gaida jauro ko lawanin ƙauyen, wato mai garin, a faɗa masa inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa, a roƙe shi ya haɗa matafiya da ɗan gari. Wasu matasan birni suna ganin wannan ɓata lokaci ne tunda akwai taswira a waya, amma taswira ba ta san inda dorina ta haihu a makon nan ba, ba ta san gonar da aka yi rigima a kanta ba, ba ta kuma san ko an ga baƙin fuska a dajin ba. Maganar tsaro ba ta wasa ba ce: yankunan da ke kan iyakar Najeriya a jihar Arewa Mai Nisa sun sha fama da Boko Haram, wasu dazuzzukan Adamawa da Mayo-Rey kuma sun sha fama da masu satar mutane domin kuɗin fansa. A tambayi jandarmomi da mutanen gari a ranar tafiyar, ba a dogara da labarin watan jiya ba, a riƙe katin shaida, kada kuma a fita ƙasa da mutum uku. A daidaita kuɗin ɗan jagora tun kafin a tashi, ya kasance yana jin Fulatanci, domin shi ne harshen da zai buɗe baki a yawancin rugage da ƙauyuka.

Kaya ba sa buƙatar yawa. Takalmi rufaffe mai kauri wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, dogon wando saboda karangiya da kaska, malafa, sanda, ƙaramar fitila, da ruwa aƙalla lita 3 ga kowane mutum ban da na alwala. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi sun fi abinci mai miya jure zafi. A ƙulla sukari da gishiri a leda, domin idan wani ya fara jiri ko ciwon kai saboda zufa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita guda na ruwa mai tsabta sukan farfaɗo da shi. A bakin kogunan gandun Binuwai akwai ƙudan tsando, kuma shuɗi da baƙin tufafi ne ke jawo shi, don haka a sa masu launin ƙasa.

Babban haɗarin bakin tafki shi ne dorina, kuma akwai ta a Lagdo da Maga da kogin Binuwai. Da dare take fitowa kiwo, ta koma ruwa da sassafe, kuma tana bin hanya guda kullum. Ana gane hanyarta da faɗi, da sawu mai yatsu huɗu a jere biyu da ɗan tudun ciyawa a tsakani, da kashin da take watsawa a kan ganyaye. Wanda ya ga waɗannan alamu ya tsallake hanyar da sauri, kada ya bi ta, kada kuma ya taɓa tsayawa tsakanin dabbar da ruwa, domin duk da nauyinta ta fi mutum gudu. Inda ciyawa ta rufe gaɓa a ja baya a bi ta tudu, domin kadoji ma a irin wurin suke kwanciya. Ruwan kansa, ko da ya yi garau, yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya wadda ke shiga ta fata, shi ya sa ba a wanka ko alwala a gefen da ruwa ya kwanta. Mutum ya yi da ruwan da ya zo da shi.

Da rani ruwan Lagdo yakan janye ya bar fili mai tsattsagewa wanda ido ke gani kamar busasshe, alhali laka ce a ƙarƙashi mai riƙe ƙafa har gwiwa. A gwada da sanda, a bi sawun shanu. Inda aka dasa masakwa, wato dawar rani, ko aka yi lambu a bi ta gefen kunya, kuma ba a taɓa raga ko tarkon kifi ko kwalekwalen masunta, ba a ɗaukar hoton mutane sai sun yarda. Idan aka haɗu da garke a burtali a tsaya a gefe a yi sallama har ya wuce. A watannin ƙunar daji, hayaƙi a gaba dalili ne na canza hanya, kuma idan wuta ta matso a nufi wurin da ya riga ya ƙone ko yashin rafi.

Kwarin Binuwai ya yi suna da kububuwa, wadda ke lafewa a cikin busassun ganyaye da ƙarƙashin duwatsu, don haka ba a sa hannu inda ido bai gani ba. Idan ta sari mutum, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a kai shi asibitin da ke da allurar dafi nan take, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin dafinta yana hana jini daskarewa kuma zubar jini daga dasashi kan bayyana ne bayan awoyi. Saboda haka tun a gida ake sanin asibiti mafi kusa, a kuma riƙe lambar wani mai babur na ƙauyen.

Bayan an dawo a koma wurin jauro a sanar da shi an fito lafiya, a sallami ɗan jagora, a duba jiki da tufafi ko kaska ta maƙale. Wanda ya yi zazzaɓi cikin makonni biyu ya je a gwada jininsa, wanda kuma ya ga jini a fitsari bayan wata ɗaya ko fiye ya gaya wa likita sunan tafkin da ya shiga.