Darasi na Bakwai: Kare Kaji Kafin Hunturu

Duk mai kiwon kaji a ƙauyukanmu ya san abin da hunturu kan zo da shi. Da safe ka buɗe akurki, ka tarar da kaza ta yi jugum, fukafukanta sun saki, kashinta kore-kore, tana numfashi da ƙyar. Wata ma wuyanta ya murɗe, tana ta juyi a wuri guda. Kafin mako ya zagayo, gida ya yi tsit. Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Niyukasul.

Ba ta da magani idan ta kama. Kafso da barkonon da ake zubawa a ruwan sha ba sa kashe ƙwayar cutar, asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wani mai suna I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, har da 'yan tsaki, a maimaita duk bayan wata huɗu. Masu lafiya kaɗai ake ɗiga wa. Kwalba ɗaya ta ishi gidaje da yawa, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta, ku kira malamin dabbobi tun ana girbi.

Sau da yawa da hannunmu muke shigo da cutar. Wata dattijuwa a ajinmu ta ce, "Malam, zakara ɗaya na sayo da araha ranar Juma'a a Wudil, shi ya ƙarar mini da kaji." Na ce, "Inna, mai shi ya ga alama ne, shi ya sa ya karya kuɗin." Sabuwar kaza, ko ta kyauta ce, a ware ta mako biyu, da kaskon ruwanta daban.

Wadda ta mutu kuma kada a jefar da ita a juji, karnuka za su ja ta gida-gida. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu. Idan kaji suka mutu da yawa a dare ɗaya, kada a yanka sauran a ci ko a kai kasuwa, domin tana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006, kuma tana kama mutum. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.