Yadda za ki riƙe waya ki yi rubutu yatsa bai gaji ba

Atamfa da leshi nake sayarwa ta WhatsApp daga gidanmu a Tudun Wada, Gusau, kuma rabin cinikin rubutu ne: farashi, yadi nawa, lambar asusu, kwatancen gida ga ɗan aike. Kuskuren harafi ɗaya a lambar asusu ya isa ya ɓata ciniki, shi ya sa na ɗauki riƙon waya da muhimmanci.

Tun a shago ake fara gyara. Yawancin Tecno da Infinix na yanzu girman fuskarsu inci 6.6 zuwa 6.8 ne, amma wannan awo daga kusurwa zuwa kusurwa ake yin sa. Abin da ya shafi hannunki shi ne faɗi. Ki ce mai shago ya kunna miki wayar, ki riƙe da hannu ɗaya, ki miƙa babban yatsa zuwa harafin q idan da hannun dama kike rubutu. In sai kin karkata wayar kafin ki taɓa shi, ta fi ƙarfin hannunki guda. Ki tuna rigar waya mai kauri za ta ƙara mata faɗi.

Dogon saƙo kuwa hannu biyu yake so. Ki kwantar da wayar a kan yatsun hannayen biyu, manyan yatsu su raba aikin, kowanne da ɓangarensa. A 2019 masu bincike na jami'ar Aalto a Finland da ta Cambridge sun gwada mutum sama da 37,000, suka ga masu manyan yatsu biyu suna yin kalma kusan 38 a minti, masu yatsa ɗaya kusan 29. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne dogare gindin waya da ƙaramin yatsa. Mata da yawa haka suke yi, nauyin duka ya tattara a kansa, da dare sai a ji yana zogi har wuyan hannu. Ki sa zoben nan da ake mannawa a bayan waya, ko ki jingina gwiwar hannu a matashi.

Amma uwar gida ba kullum take da hannu biyu ba. Ga goyo, ga muciya, ga mai saye yana jiran amsa. A Gboard, wato manhajar allon haruffa ta Google, ki danne waƙafi ki riƙe, ki zaɓi alamar hannu ɗaya, allon haruffan zai tsuke ya matso gefen da kike so. Masu ƙaramar waya da kaurin yatsa su yi akasin haka, su ƙara wa allon tsawo a saiti.

Ki ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard don ki samu ƙ da ɗ da ɓ, ya kuma rage canza miki kalmomi zuwa Turanci. In kin yi kuskure a tsakiyar jimla, kada ki yi ta tsokanar wurin da farce, ja yatsa a kan dogon madannin tazara sai alamar da ke nuna inda kike rubutu ta koma inda kike so.

Lokacin zafi gumi na sa fuskar waya ta riƙa danna abin da ba ki danna ba, don haka ki goge hannu tukuna. Gilashin kariya da ya tsage ta ƙasa, daidai inda haruffa suke, a canza shi. Lambar asusu dai ki ajiye ta a wuri ɗaya ki riƙa kwafowa, kada ki sake rubuta ta da hannu.