Babi na 6: Aika saƙo daga waya zuwa waya idan babu sabis

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana ɗalibai. Duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021 bai manta lokacin da aka rufe layukan waya ba. Mu nan Talata Mafara, akwai waɗanda sai da suka biya kuɗin mota zuwa Sakkwato don kira ɗaya tak. Abin da za mu koya a wannan babi ba zai kai muryarku Sakkwato ba, kada in yi muku alkawarin da ba zan cika ba. Amma zai iya kai rubutaccen saƙo daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan, ba sabis, ba data, ba kati.

Sai da babbar waya ta shafawa. Mai ƙaramar waya mai tocila ya matso kusa da maƙwabcinsa, su koya tare.

Darasi na 1: Kunna Bluetooth

Riƙe wayar da hannun hagu. Ɗora yatsan dama a can saman gilashin, daidai inda agogo yake, ka jawo shi ƙasa a hankali kamar mai sauke labule. Wasu ƙananan alamomi za su fito. Nemi wadda ta yi kama da harafin B mai tsini, da 'yan ƙahoni biyu a bayansa. Ita ce Bluetooth. Taɓa ta sau ɗaya. Idan ta yi launi, ta kunnu. Idan ta yi fari-fari ko toka-toka, a kashe take.

Sau ɗaya na ce, Baba. Taɓawa ta biyu kashewa ce. Na sha ganin mutum ya taɓa, bai yarda ta kama ba, ya ƙara taɓawa don tabbatarwa, ya kashe abinsa. Ba laifi, kowa da haka ya fara. Sake jawo labulen ka duba launi.

Bluetooth ba ta da dogon zango. A cikin gida mai katanga, kamar mita 10 ne, wato taku goma sha wani abu. A fili fetal tana iya kusantar mita 100. Bayan nan ta gaji.

Darasi na 2: Sa manhaja tun da sauran sabis

Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa: akwai Bridgefy, akwai Briar, akwai Bitchat da ta fito a 2025. A ajinmu Bridgefy muka zaɓa, kuma dole kowa ya sa iri ɗaya, domin mai Briar ba ya jin mai Bridgefy.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sauke ta yau, ku buɗe ta sau ɗaya da data don ta yi rajista. Wanda ba ya iyawa ya kai wa yaron da ke shagon caji. Da an buɗe, za ta yi tambayoyi da Turanci, tana neman izinin amfani da Bluetooth da kuma sanin wurin da kake. Nemi kalmar da ta fara da harafin A, ga ta: Allow, ko kuma While using the app a wasu wayoyin idan tambayar wurin da kake ce. Ma'anarta na yarda. Taɓa ta. Idan ka taɓa ɗayar, manhajar za ta zauna kamar makaho a tsakar kasuwa, ba ta ganin wayar kowa.

Darasi na 3: Na tsakiya

A nan ne ake faɗuwa, don haka ku gyara zama.

Kun ga yadda magina ke miƙa tubali: na ƙasa ya ba na kan tsani, na kan tsani ya ba na kan katanga. Haka saƙon yake tafiya. Wayata ba ta kai wa ga wayar Inna da ke can bakin ƙofa, amma tana kai wa ga ta Malam da ke tsakaninmu, ta Malam kuma ta miƙa gaba. Malam ba sai ya taɓa komai ba. Aikinsa ɗaya: ya bar Bluetooth a kunne, ya bar manhajar a buɗe.

Ranar da muka fara gwadawa, na jera mutum shida a filin makaranta, daga gindin darbejiya zuwa bakin rijiya, kowa da tazararsa. Dattijon da ke farko ya ɗauki minti biyar yana harhaɗa baƙaƙe har ya rubuta "Ina wuni". Ya aika, ya ɗaga kai yana murmushi. Muka jira. Shiru. Na bi layi ina duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sai na iske na uku, wani tela, ya kashe tasa ya jefa aljihu. Na ce, "Haba Malam, me ya faru?" Ya ce, "To ai Malam ba ni aka aiko wa ba, kuma cajina saura kaɗan." Da ya kunna, ba a jima ba matar da ke bakin rijiya ta ɗaga hannu tana cewa ya shigo.

Saboda haka ku maimaita bayana. Ko ba ni aka aiko wa ba, ba zan kashe ba. Sake faɗa. Ko ba ni aka aiko wa ba, ba zan kashe ba. Madalla.

Yanzu kowa ya jawo labule ya duba. Akwai launi? To bar ta haka. Sa wayar a aljihu, ƙirga ashirin, fito da ita, sake dubawa. Wasu wayoyin, idan aka kunna musu tanadin batir, da kansu suke rufe manhaja a ɓoye. Idan taka tana haka, kashe tanadin batir ɗin, ba Bluetooth ba.

Gaskiya ne tana shan caji, ban musa ba. Amma mako uku ke nan ina wannan magana, kuma jiya ma mutum huɗu na kama sun kashe. Ku ba yara ba ne. Wasunku sun aurar da jikoki. Idan ni ina tsaye a kanku kuna kashewa, ranar Talata a cikin kasuwa wa zai bi ku yana dubawa? Wanda ya kashe, hanyar mutane ya toshe. Ku duba launi kuma.

Darasi na 4: Aikawa

Buɗe manhajar, taɓa sunan wanda kake nema, rubuta gajeren saƙo, taɓa kibiyar da ke gefen dama. Idan bai tafi ba, matsa inda jama'a suke. A daji ko gona, inda babu wayoyi a tsakani, ba ya tafiya. Kuma kafin ka ce ta lalace, ka san abin da za ka fara dubawa.

Darasi na 5: Hattara

Akwai zauren kowa da kowa a cikin manhajar, duk na kusa yana karanta abin da aka rubuta a can. Kada a sa lambar sirri ta banki, kada a faɗi inda aka ajiye kuɗi ko dabbobi.

Aikin gida: mutum uku su jeru a unguwa, na farko ya aika sunan garinsu ga na ƙarshe. A zo da wayoyi da caji ranar Asabar.