Yadda ake haɗa "Yau a Tarihi" ba tare da kuskuren kwanan wata ba

Yawancin masu fara wannan aiki na jero abubuwan da suka faru a rana irin ta yau a shekarun baya sukan buɗe shafi ɗaya a intanet, su kwashi sunaye, su wallafa a haka, kuma daga nan kurakurai suke yaɗuwa. Za mu ɗauki 15 ga Janairu a matsayin misali.

Da farko a ware haihuwa, rasuwa da manyan al'amura. A ɓangaren haihuwa akwai Gamal Abdel Nasser na Masar a 1918 da Martin Luther King na Amurka a 1929. Biyu ko uku sun wadatar, domin dogon jeri yana gajiyar da mai karatu.

Matakin da ya fi kayar da mutane shi ne tantance ranar, saboda ranar da abu ya faru da ranar da aka sanar da shi sukan bambanta. A 12 ga Janairun 1970 Philip Effiong, wanda ke riƙe da shugabancin Biyafara a lokacin, ya sanar ta rediyo cewa Biyafara ta ajiye makamai, amma sai ranar 15 aka miƙa wuya a hukumance gaban Yakubu Gowon a Legas, don haka dole marubuci ya faɗi wanne yake nufi. Haka juyin mulkin 1966: an kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna a ranar 15, kuma a wannan daren aka tafi da Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ba a ga gawarsa ba sai bayan kwanaki, abin da ya sa wasu suke rubuta ranar ganin gawar a matsayin ranar rasuwarsa. Akwai kuma matsalar kalanda. Naɗin Sarauniya Elizabeth ta Farko a 15 ga Janairun 1559 lissafin tsohuwar kalandar Turawa ta Julian ne, wadda Ingila ba ta bari ba sai 1752. Duk ranar da aka juyo daga Hijiriyya kuwa tana iya gocewa da kwana ɗaya.

Kada a wallafa komai sai majiyoyi biyu da ba su kwafi juna ba sun yi ittifaƙi. Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo sun fi shafukan sada zumunta amfani, ko da yake zuwa ma'ajiyar tarihi ta Kaduna yana cin kuɗin mota da lokaci.

Daga nan a jera su daga mafi daɗewa, kowanne da jimla ɗaya ko biyu, a sake duba rubutun sunaye, a fitar tun da safe.