Darasi na 9: Littafin Girki da Awo a Madafa

Ranar Laraba wata ɗaliba a ajinmu, uwar 'ya'ya biyar, ta shigo da littafi a jakarta. 'Yarta ce ta kawo mata tsaraba daga Abuja. Littafin girki ne na wata fitacciyar mai dafa abinci da ake nunawa a talabijin, kowane shafi da hoton da ke tsinka yawu. Ta ce, "Malama, na gwada miya ɗaya daga ciki, maigida ya ɗanɗana ya kalle ni, ya ce ko gishiri ya yi tsada ne a kasuwa?" Aji ya kwashe da dariya. Muka buɗe littafin, muka karanta tare.

Kowane girki a irin wannan littafi kashi biyu ne. Da farko akwai kayan haɗi da adadinsu, sannan yadda za a dafa. A karanta duka kafin a hura wuta. A kuma duba sama, wurin da aka rubuta abincin na mutum nawa ne. Yawanci na mutum 4 ne, mu kuwa tukunyarmu ta mutum 8 ce ko 10, ban da baƙon da zai faɗo. Idan na mutum 4 ne ku kuma ku 8 ne, sai a ninka komai sau biyu.

Abin da ya fi amfani a littafin shi ne awo. Mu mun saba da hannu: a dumbuza, a barbaɗa, a tuttula. Littafi kuwa cokali yake kira. Ƙaramin cokali, wato na shayi, mililita 5 ne. Babban cokali mililita 15, ke nan ƙananan cokula uku. Kofi ɗaya kusan mililita 250 ne, daidai da rabin ledar fiya wata mai santilita 50.

Sai zancen gishirin da maigida ya yi ƙorafi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Lissafin na yini guda ne, tun daga karin kumallo har tuwon dare. Kuma ba na cikin gwangwani kaɗai ake nufi ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke sa gishiri tayar da hawan jini. To ku duba tukunyar da aka jefa wa magi shida, aka barbaɗa gishiri, aka saka kanwa, a kwano kuma aka bi da yaji mai magi. Na tambayi aji wa ke da mai hawan jini a gida, hannuwa suka tashi da yawa.

Kuskuren ɗalibarmu shi ne ta rage komai rana ɗaya. Harshe ba ya son gaggawa. A cire dunƙule ɗaya wannan mako, wani mako a cire wani, a cike gurbin da daddawa, albasa, citta, tafarnuwa, masoro da busasshen kifi. Cikin makonni kaɗan mutanen gida za su daina lura. Ni dai ba na sanar da kowa idan na rage, don da an faɗa kowa zai fara jin salam.

Mai ma a auna shi. Idan littafi ya ce babban cokali biyu, kada a kafa kwalba a bakin tukunya. Manja na da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma idan aka soya shi har ya yi hayaƙi ya koma fari, wannan amfanin ya tafi.

Wasu kayan littafin ba a samunsu a kasuwarmu, ko kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin cefane. Man zaitun, man gyaɗa zai tsaya masa. Kinuwa hatsi ne na ƙasashen Peru da Bolibiya. Acca da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna za ta yi aikinsa. Inda aka ce burokoli, a sa kabeji, alayyafo, zogale ko rama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, kuma kwaɗon zogale da gwanda da mangwaro duk suna cikin lissafi. Ganye a sa shi daga ƙarshe, kada ya dahu har ya yi baƙi.

Aikin gida

Littafi ya ce miyar mutum 4 tana son babban cokali 2 na mai. Cokali nawa za a sa wa mutum 12? Mililita nawa ke nan?

A rubuta a takarda adadin dunƙulen magin da aka sa a tukunya kowace rana, daga Alhamis zuwa Talata. A zo da takardar aji ranar Laraba, tare da ƙaramin cokali ɗaya daga gida.