Kafin ka yabi sabuwar wayar bidiyo, kai ta inda kake aiki

Ni tela ne, kuma a 'yan shekarun nan yawancin masu kawo mini ɗinki a bidiyo suka fara ganin aikina. In na gama kaftani ko babbar riga, sai in rataye ta, in ɗauki sakan talatin, in ɗora a TikTok da Instagram. Tsohuwar wayata ce ta gaji. Farar shadda sai ta fito kamar an watsa mata nono, aikin wuya ya ɓace cikin yadi, mutum ya kasa gane inda zare ya bi. Shi ya sa na yi ta tari har na shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na ɗauko Infinix Zero 30 5G, wadda ta fito a watan Satumba na 2023, aka kuma yi ta da niyyar masu ɗaukar kansu bidiyo. Ga yadda na gwada ta a kwana uku na farko. Ko wata ka saya mai matsakaicin kuɗi, haka za ka bi da ita.

Tun kana gaban mai kanti ka karanta kwali da kyau, domin Zero 30 iri biyu ce. Mai 5G tana da firosesa Dimensity 8020, kuma kamararta ta gaba mai megafiksel 50 tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai yawan ɗigo da ke fitar da abu tar, hoto 60 a sakan guda. Mai 4G kuwa Helio G99 ke cikinta, ba ta kai 4K ba. Sunansu kusan ɗaya, aiki daban. Danna *#06# ka ga lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwalin, sannan ka karɓi rasit.

Mai kantin ya ce mini, "Alhaji, megafiksel 108 ce fa a baya." Na gyaɗa kai kawai. Hoto ɗaya na bidiyon 4K faɗinsa 3840 ne, tsayinsa 2160, wato ɗigo miliyan 8.3 ke nan. Sauran miliyoyin ba za ka gan su a bidiyo ba. Abin da ya fi damuna a kamarar baya shi ne na'urar hana girgiza da ke cikin gilashinta, kuma tana da ita. A ta gaba kuma, tana neman fokas da kanta, abin da kamarar gaba ta wayoyi da yawa ba ta yi.

Gwajin farko haske ne, kuma a nan na fi daɗewa. Kada ka gwada a cikin kasuwa, inda fitilu suka haske ko'ina kamar gidan biki. Kai ta inda za ta yi rayuwarta. Ni shagona ƙofa ɗaya gare shi, tana kallon gabas, da ƙwan fitila biyu. Na sa yaron shagona ya sa farar shadda mai sheƙi ya tsaya a bakin ƙofa, domin babu abin da ke wahal da kamara kamar baƙar fuska a kan farin yadi. In ta bi yadin, fuska ta dushe. In ta bi fuskar, yadin ya ƙone ya zama fari fat, babu zanen shadda babu aikin zare. Maganin yana yatsanka: danna fuskar a sikirin ka riƙe har ta kulle fokas da haske, sannan ka ja 'yar alamar rana ƙasa kaɗan-kaɗan har zanen shaddar ya dawo. Da na yi haka, furannin yadin suka fito, har ramukan ɗinkin aljihu ana ƙirgawa. Kuma ka juya mutumin ya fuskanci ƙofa, kai ka ba ta baya. Na ɓata bidiyo biyu kafin in tuna wannan, alhali na san shi tun da daɗewa.

Da magariba aka ɗauke wuta, muka tada ƙaramin janareta, na ce bari in gwada 4K mai hoto 60 ɗin nan da ake ta kururutawa. Sai ga wasu layuka masu duhu suna gangarowa a kan rigar kamar inuwar fanka. Yaron ya leƙo ya ce, "Maigida, ko dai sikirin ɗin ne ya samu matsala?" Ba sikirin ba ne, kuma ba laifin wayar ba ne. Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, saboda haka fitila mai araha tana ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma kamara tana kamawa. Lissafin hoto 30 da 60 ya fi dacewa da ƙasashe irin su Amurka, masu wuta mai juyi 60. Shiga saitin kamara ka nemi wajen hana ƙyaftawar fitila ka sa shi a 50. In akwai inda ake saita saurin rufe ido na kamara da hannu, sa 1/50 ko 1/100. In manhajar wayarka ba ta ba ka wannan dama ba, manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana da shi. Ƙaramin janareta kuwa juyinsa ba ya tsayawa wuri guda, musamman in an jona masa dutsen guga, don haka ni yanzu fitila mai caji nake kunnawa in zan yi ɗaukar dare. Ita ba ruwanta da juyin wuta.

Akwai wani dalilin da ya sa na bar hoto 60 da dare. In kamara za ta ɗauki hoto 60 a sakan, kowane hoto rabin lokacin da na 30 ke samu yake da shi ya sha haske. Sai bidiyon ya yi duhu, ya cika da tsaki-tsaki kamar garin kwaki. Ka bar 60 sai da rana, ko in kana so ka rage saurin bidiyon daga baya, kamar lokacin da mutum ya juya da babbar riga ta buɗe. A nan kam yana da kyau ƙwarai.

Kamarar gaba na gwada ta washegari da safe. Na riƙe almakashi kusa da ita, na janye, na sake kawowa, in ga ko za ta bar fuskata ta koma kansa ta kuma dawo. Tana yi. Abu biyu za ka kashe nan take. Na farko gyaran fuska, wanda ke goge fata ta zama kamar roba, har kai ma ka kasa gane kanka. Na biyu juya hoto irin na madubi: ɗauki bidiyo da wani rubutu a bayanka ka duba. Ni allon shagona ne ya fito a birkice, lambar waya ta koma daga dama zuwa hagu, wa zai kira ta?

Girgiza ba ta buƙatar dogon bayani. Yi tafiya taku ashirin kana ɗauka, sau ɗaya da ƙarin hana girgiza a kunne, sau ɗaya a kashe. Wanda manhaja ke yi yana yanke gefen hoto, saboda haka in wurinka ƙunci gare shi kamar nawa, za ka ga hular mutum ta fita. Ni na sayi 'yar ƙafa uku na huta.

Sauti ne mutane ke mantawa, alhali mai kallo zai jure hoto mai ɗan duhu amma ba zai jure ƙara ba. Ɗauki magana minti ɗaya a yanayin da ka saba: ni keke biyu suna gudu, fanka tana juyi, ga masu adaidaita sahu a titi. Saurara da abin kunne, kada ka dogara da lasifikar wayar. Muryata tana fita in ina kusa, amma da na matsa taku uku don a ga rigar gaba ɗaya, sai kekunan suka rinjaye ni. Kowace waya haka take, makirufo yana son kusanci. Sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, amma ka sani wannan wayar ba ta da ramin abin kunne, sai ka nemi wanda bakinsa USB-C ne. Ka gwada shi a gaban mai sayarwa, ka ƙwanƙwasa shi da farce kana ɗauka. In ƙarar ba ta fito a bidiyon ba, wayar da nata makirufon take ji. Ka karɓi mai 'yar hular gashi, don iskar hunturu.

Rana ta uku ta zafi ce da ma'aji. Cire rigar wayar, sa 4K, bar ta tana ɗauka minti goma sha biyar da azahar a inuwa, ka duba batir kafin da bayan. Za ta yi ɗumi, duk waya tana yi; abin dubawa shi ne ko ta tsaya, ko bidiyon ya fara tsalle. Kada ka ɗauka tana jikin caji, zafi biyu ne ka haɗa mata. Batirin 5000 ne, cajar kuma mai wat 68, saboda haka ni nakan jona ta lokacin sallar azahar da cin abinci, in dawo in tarar ta ishe ni aikin yamma.

Sai ka buɗe bidiyon nan ka ga nauyinsa, ka raba da goma sha biyar, ka san abin da minti ɗaya ke ci. Wannan lissafin ya zama dole domin babu wajen sa katin memori, abin da ke ciki shi ne naka, tawa gigabait 256 ce. 4K ya ninka 1080, wato bidiyo mai tsayin ɗigo 1080, sau huɗu a yawan ɗigo, kuma datarka ce za ta biya in ka zo ɗorawa. Ni na tsaya a 1080 mai hoto 30 don bidiyon yau da kullum, 4K sai in zan nuna aikin hannu kusa-kusa, inda zan so in jawo hoton a CapCut, manhajar gyaran bidiyo, ba tare da ya fashe ba.

Gwajin ƙarshe, tura wa wani. Na aika wa ƙanwata bidiyon farar shaddar nan ta WhatsApp yadda aka saba, ta ce, "Yaya, ina aikin da ka ce ka yi a wuyan?" WhatsApp ya matse shi, zaren ya narke. Na sake turawa a matsayin fayil, wanda yake karɓa har gigabait 2 ba tare da ya taɓa shi ba. Ta jima kafin ya sauka, sannan ta kira ta ce in ajiye wa mijinta irinsa na Sallah, amma ruwan toka.