Yadda za ka riga kansar hanta kafin ta yi nisa

Ita kansar da ke tasowa daga cikin hanta ba ta sallama. Kana ta hidimarka a Mile 12 ko Agege a Legas tana nan tana girma shiru, ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙasan haƙarƙarin dama ya fara nauyi mutum na ta ramewa, to galibi ta yi nisa, kuma a nan ne mu kan ce ai shawara ce a kawo jiƙo ko a sayo agbo (jiƙon Yarbawa) bakin titi, hantar da ta gaji a ƙara mata aiki.

Fara da gwajin jini, ka ce a duba maka HBsAg, wato gwajin ciwon hanta nau'in B. A ƙasarmu ciwon hanta nau'in B ne babban tushen wannan kansar, yakan yi shekaru yana mayar da hanta tabo-tabo, daga nan ƙari ya fito, shi ya sa za ka ga tana kama ɗan shekara 35 ko 40. In ba ka da shi ka yi rigakafi, allura 3 cikin wata 6, jariri kuma a yi masa cikin awa 24 da haihuwa.

In kana da shi fa, kar ka tsaya wurin mai kemis, nemi likitan hanta a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, shi zai ce ko kana bukatar maganin tenofovir, kuma ka tambaye shi maganar sikanin ciki da gwajin jini na AFP, mai nuna alamar kansar hanta, duk wata 6, ko kana jin garau. Ajiye takardun sakamakon wuri ɗaya, da su ake kwatantawa.

Abin da likita ke dubawa shi ne girman ƙarin, ko ya shiga jijiyar jini ko ya bazu, da kuma ƙarfin sauran hantar. Ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba ana iya yanke shi ko a yi dashen hanta, ƙanana ma ƙona su ake yi, mutum ya yi shekaru. In ya bazu, sau da yawa lissafin na watanni ne.

Sai gyaɗa da masara. Damshin Legas ba wasa ba, buhun da ya yi funfuna yana ɗauke da gubar aflatoksin mai jawo kansar hanta, suya ba ta kashe ta, in ka ɓare gyaɗa ka ga kore-kore ko ka ji ɗaci tofar, kar a ce a yi ƙuli da ita.